Tagar Inna Hannie

"Wa ya shafa wa tagar nan fenti?" Inna Hannie ta tambaya daga kan gado. Muryar ta yi rauni, amma kaifinta na nan.

Ko rigata ta ruwa ban cire ba. Na hawo tudun unguwarmu ta arewacin birnin Cork ne don in gaida tsohuwar maƙwabciyarmu, in sha shayi in koma, kamar yadda na saba tun da aure ya kai ni Dublin. Sai na tarar an sauko da gadonta falo, ɗanta Donal yana tsaye da waya a hannu.

"Ni ne, Mama," in ji shi. "Bara, saboda iskar da ke shigo miki."

"Sannu da aiki. Ka toshe ni kamar kifin gwangwani."

A layinmu babu gidan da Inna Hannie ba ta shiga ranar mutuwa ba. Ita ke wanke gawa, ta tsayar da agogo, ta rufe madubi. Amma kafin komai sai ta buɗe taga don rai ya sami hanyar fita, kuma wanda duk ya tsaya a gaban tagar zai sha faɗa, ko da fadan coci ne. Ita ta buɗe wa mahaifiyata. Yanzu ga tata ta manne gam, ba ta ko motsi.

Donal ya ja ni kicin. "Nuala, don Allah ki lallashe ta. Asibiti sun ce akwai gado, yanzu ma za su turo mota. Ita kuwa ba ta da magana sai ta taga. Ai camfi ne."

Donal ba mugun ɗa ba ne, tsoro ne kawai yake cinsa. Amma raina ya ɓaci, kuma ni ban iya ɓoye ɓacin rai ba.

Na ce, "Tagogin asibitin naka suna buɗuwa?"

Ya sake duban wayar da ke hannunsa.

"To ajiye wayar nan."

Na leƙa ta katangar baya na ƙwala wa Mossie Riordan kira. Tsohon ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, kuma tun ina yarinya yake rigima da Inna Hannie saboda tantabarunsa da ke ɓata mata shanya. Ya shigo da wata tsohuwar wuƙa, yana haki.

"Hannie, har yanzu kina nan? Ni da na riga na goge baƙin takalmina na zuwa jana'izarki."

"Sai na ga bayanka, yaro. Kama aiki, kuma kada ka taka min darduma da kashin tsuntsayenka."

Mossie ya sa wuƙa a gefen tagar. Hannun da a da yake ɗaga buhun gawayi kamar matashin kai yau ƙarfinsa ya ƙare. Wuƙar ta zame, ya sake, ta sake zamewa. Ba wanda ya yi dariya. Na ga idon Inna Hannie a kan tagar, kuma a karo na farko a rayuwata na ga tsoro a fuskar matar nan. Abin ya taɓa min zuciya ƙwarai.

Ashe Donal ma ya gani. Ya tura wayar aljihu.

"Kawo, Baba Mossie. Ni na shafa, ni na san inda ya yi kauri."

Ya durƙusa yana kankarewa, ɓawon fenti na zuba a kan wandonsa mai tsada. Mossie na tsaye a kansa yana ba da umarnin da ba wanda ya nema. Can Donal ya sa kafaɗa ya tura sama. Tagar ta yi ƙara ta ɗaga, iska mai sanyi ta shigo da ƙanshin ruwan sama.

"Rufe! Rufe!" in ji Inna Hannie. "Korata za ka yi tun lokaci bai yi ba? Ni dai so nake in san tana buɗuwa."

Mossie ya yi dariya har da tari. Donal ya rufe, ya zauna a bakin gado ya riƙe hannunta. Maganar asibiti ba ta sake tasowa ba.

"Nuala, 'yar nan," ta ce, "ba shayi kika zo sha ba? Ɗora tukunya mana. Mossie kuma a ba shi a tsohon kofi."

Ban koma Dublin ranar ba. Washegari da rana, bayan fada ya zo ya yi mata addu'a ya tafi, numfashinta ya yi ta nisa, har ya tsaya. Na miƙe zan nufi taga, sai na ga Donal ya riga ni. Wannan karon da hannu ɗaya ya ɗaga ta.

Mossie ya matso zai leƙa waje, hularsa a ƙirji. Donal ya kama hannun rigarsa a hankali.

"Baba Mossie, matsa gefe. Ka tare mata hanya."

Muka tsaya jikin bango mu uku. Farin labulen ya kumbura ya fita waje, ya dawo, ya sake fita. A kan igiyar shanyarta tantabarun Mossie sun jeru abinsu, ba mai korarsu.