Rabin Sakin Clifford Sugden

Shekara ashirin da ɗoriya Clifford Sugden yana roƙon Mavis ta aure shi tana ƙi, sai da likitoci suka naɗe tabarmarsu a kanta sannan ta yarda. Haka alheri yake zuwa a duniyar nan, a makare, kamar bas ɗin da Clifford ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙawa.

Tana kwance a gidan jinya na bayan gari, inda ake kai waɗanda magani ya gaji da su. A saman gadonta an liƙa kati da sunanta, Mavis Pickersgill. Sunan ubanta ke nan, wani mahauci mai saurin hannu da ya mutu ba wanda ya ɓata hawayensa.

"Cliff, dubi abin can," ta ce, tana nuni da ido. "Da sunan tsohon nan zan tafi?"

"Ke kika so. Sau nawa na durƙusa miki? Gwiwata ta hagu har yau ba ta yafe miki ba."

"To yau na ce i. Ko ka fasa ne, don ka ga kaya sun lalace?"

Ya kama hannunta.

"Ka yi sauri dai, tsoho," ta ce. "Ba irin tuƙinka ba."

A bakin ƙofa ma'aikaciyar jinya ta tare shi, ta ce masa kada ya yi lissafi da makonni.

A ofishin ɗaurin aure aka gaya masa abin ba wuya. Ga wanda ke bakin mutuwa akwai izini na musamman, jami'a za ta zo har gefen gado a ranar. Shaidar likita kawai za a kawo, da shaidar cewa aurensa na farko ya mutu. Clifford ya zaro takardar da ta yi shekaru a gwangwanin biskit, ya miƙa da alfahari. Jami'ar ta karanta, ta juya bayanta kamar mai neman saura.

"Wannan hukuncin farko ne, Mista Sugden. Ina na ƙarshen?"

"Na ƙarshe kuma? Sau nawa ake sakin mace ɗaya?"

"A nan, sau biyu. Je ka kotun gunduma su duba maka."

Kotun tana bayan kasuwa, gini ne mai warin jiƙaƙƙun riguna. Clifford ya bi layi bayan wani da aka kora daga gidan haya da wata da ke rigima da maƙwabci a kan shinge. Da ya iso gaban tagar, akawun, wata Misis Thackray mai tabarau a igiya, ta tambaye shi lambar shari'a da shekarar, ta ce tsofaffin fayil suna ɗakin ƙasa, ya dawo mako mai zuwa.

"Baiwar Allah, ba ni da mako mai zuwa," ya ce. Ya ajiye mata shaidar likita.

Ta karanta, ta cire tabarau, ta sauka da kanta. Clifford ya zauna a benci yana kallon agogon bango, wanda kamar duk agogon gwamnati bai san kowa yana mutuwa ba.

Ta dawo da fayil siriri, ƙura a gwiwar siket ɗinta.

"An yi na farko, ba a yi na biyu ba," ta ce. "Alƙali yakan ce ya yarda a rabu, sai a jira mako shida ko wani zai yi nadama. Daga nan wanda ya kawo ƙara ya dawo ya nemi hatimin ƙarshe. Matarka ce ta kawo ƙara, kuma ba ta dawo ba."

"Tsohuwar matata."

"Matarka, Mista Sugden. Lauyanka bai gaya maka ba?"

Clifford bai taɓa ɗaukar lauya ba. Ranar da takardar hukuncin ta iso a ambulan, mashaya ya wuce da shi, direbobi suka yi ta saya masa giya suna dukan bayansa, wani ma ya hau kujera ya karanta takardar da muryar fada. A cikin mutum goma sha ba wanda ya kai layin ƙasa.

"To ni zan nema. Ba ni abin da zan sa wa hannu."

"Kana iya nema, amma sai an aika mata sammaci, an sa ranar zama. Zai kai wata. In ita ta nema, ta rubuta dalilin jinkiri, zan shigar wa alƙali da hannuna."

Matar tasa, Noreen, tana nan a gidan da ya bar ta, a layin gidajen jan bulo da ke gangarawa tsohuwar masaƙa. Ta buɗe ƙofa da wuƙar fere dankali a hannu, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ka tsufa."

"Ke ma."

"Ni da dalili. Goge ƙafarka."

A tsaye ya gaya mata komai, a kicin, hularsa a hannu. Ba ta daina fere ba. Da ya kai wurin hatimin ƙarshe bai ga ko girarta ta motsa ba, sai ya gane.

"Kin sani."

"Ni na kai ƙara, ba zan san inda na tsaya ba?"

"Noreen, don girman Allah, me ya sa?"

"Kai za ka tambaye ni? Wa ya zo gyaran famfo da sanyin shekarar nan, ya kwana, bai tafi ba sai da furanni suka fito? Mako shidan a gadona suka cika maka, Clifford. In je in ce wa alƙali me, alhali safarka tana shanye a kan murhuna?"

Ya manta. Ba wai ya ɓoye ba ne, mantawa ya yi, irin ta maza, wadda ba ta barin ko tabo.

"Bayan na tafi fa?"

"Bayan ka tafi na ce zai dawo, famfo ai ba ya daina lalacewa. Da na gane, kunya ta hana ni hawa matakalar kotu. Daga baya kuma na saba." Ta jefa dankali a tukunya. "Me ke damun ta?"

"Hanta. Ya bazu ko'ina."

Noreen ta ɗauki wani dankali.

"Za su tambaye ki ko mun sake zama tare bayan hukuncin," ya ce. "Ki ce a'a. In kika ce i, alƙali zai ce sai ya gan mu, a ɓata lokaci. Kalma ɗaya ce, Noreen. Zan durƙusa in kina so."

"Kada ka ɓata min daɓe. Zan zo gobe, yau sun kusa tashi. Amma ban taɓa ɗora hannu a kan Littafi Mai Tsarki na yi ƙarya ba, ba kuma zan fara don bikinka ba. Wannan sanyin ya faru. Shi kaɗai na samu."

Da yamma ya tarar an yi wa Mavis kwalliya. Masu jinya sun taje mata abin da ya rage na gashi, sun shafa mata jan baki, sun ajiye furanni a kwalbar madara. Ya yi niyyar ya ce layi ne ya yi yawa, amma ta san fuskarsa, sai ya faɗi gaskiya.

Dariya ta kama ta har ta koma tari, sai da ya tallafo ta.

"Ashe duk shekarun nan da mijin wata nake kwana! Cliff, ka mai da ni kwartuwa ban sani ba. Da na sani ai da na fi jin daɗinsa."

"Gobe za a gama. Na rantse."

"Goben da safe?"

"Da safe."

"To. Zan ce su rage allurar, in san abin da nake faɗa." Ta lumshe ido. "Mavis Sugden. Ba wani daɗi gare shi ba, amma ya fi na mahauci."

Noreen ta zo tun kafin a buɗe kotu, cikin baƙar rigar da take zuwa jana'iza da ita. Ta karɓi takarda ta rubuta a hankali, da rubutunta na 'yan makarantar coci. Clifford yana leƙe ta kafaɗarta ya ga ta rubuta i.

Misis Thackray ta shiga da takardar, ta fito. Alƙali ya ce tunda sun sake zama tare, sai ya ji daga bakinsu. Yana da shari'u har azahar, su jira.

Suka zauna a benci ɗaya, jakarta a tsakaninsu. Clifford ya yi ta zarya zuwa wayar bakin ƙofa. Karo na farko aka ce Mavis ta farka tana tambayar ko ango ya gudu. Karo na biyu aka ce ciwon ya taso, amma ta ƙi allura. Karo na uku wata murya dabam ta ɗauka, ta ce ya yi ƙoƙari ya zo.

Ya je ya dafa tagar da hannu biyu. "Ki shiga ki gaya masa. Masu shinge za su iya jira, shingen ba ya mutuwa!"

"Na gaya masa, Mista Sugden. Zauna, kada ɗan sanda ya fitar da kai."

Ya juyo kan Noreen. "Kalma ɗaya na roƙe ki."

"Ni shekara nawa na roƙe ka?" ta ce, ba ta ɗago ba. Ta buɗe jaka ta miƙo masa burodi da cuku a naɗe. Ya ƙi karɓa. Ta ajiye masa a cinya.

Azahar ta gota kafin a kira su. Alƙalin ɗan tsamurmuri ne mai mura, a wani ɗaki da bai fi kicin ba. Ya tambayi tsawon zaman da suka yi, ko an sami haihuwa bayan nan, Noreen ta amsa ɗaya bayan ɗaya.

"Misis Sugden, me ya hana ki dawowa duk wannan lokaci?"

"Na ɗauka zai dawo, ranka ya daɗe."

"Yanzu fa?"

Ta juya ta dubi Clifford, da rigarsa da ya ɓalla maɓalli a karkace, da gumi a wuyansa.

"Yanzu na gan shi."

Alƙali ya fyace hanci, ya sa hannu. Abin da ya ci shekara ashirin da ɗoriya bai kai tsawon shan shayi ba.

A waje ba tasi ko ɗaya. Noreen ta buɗe ƙofar tsohuwar motarta. "Shiga, direba." Ta kai shi ofishin aure, ta jira aka buga waya babban ofishi aka samo izini, sannan ta kwashe shi da jami'ar da littafinta. Ta tsallake jar wuta a mahaɗar asibiti, ita da ba ta taɓa taka ko ciyawar maƙwabci ba.

Ɗakin shiru. Furannin suna nan, jan bakin yana nan. Ma'aikaciyar jinya ta ce Mavis ta daure har bayan sha biyu tana cije matashi, daga nan ta fara ihu, ba yadda za su yi, suka ba ta allurar.

Jami'ar ta sunkuya. "Mis Pickersgill? Kina ji na? Kin san abin da ya kawo ni?"

Numfashi kawai, mai nauyi, da tazara a tsakani.

"Mavis, ga ni," Clifford ya ce. "Ga takardar, dubi, har da hatimi. Tashi ki zage ni na makara."

"Dole ta faɗa da bakinta, Mista Sugden, kuma ta san abin da take faɗa."

"Ai ta faɗa! Ta ce i, kowa a nan ya ji. Ke mai jinya, ba ki ji ba? Gaya mata!" Ya kama hannun Mavis. "Ga shi, ta matsa hannuna. Wallahi ta matsa. Zo ki taɓa ki ji."

Jami'ar ba muguwa ba ce. Ta ja kujera ta zauna, littafin a buɗe a cinyarta, ta jira har hasken taga ya koma ruwan toka. Sau biyu tana sake kiran sunan. Daga ƙarshe ta rufe littafin a hankali, ta ce in an sami canji a kira ta ko Lahadi ce.

Ba a sami canji ba. Kafin a kawo abincin yamma Mavis ta cika, da sunan mahauci a saman kanta.

Clifford ya fito da takardar a hannu, ta yi laushi da gumi. Da safe yana da mata a doka da mata a gado. Yanzu ba shi da ko ɗaya, kuma ba wanda zai kira shi mijin marigayiya, domin doka ba ta san ya yi rashi ba.

Noreen tana zaune a barandar, jakarta a gwiwa. Ta dubi fuskarsa, ba ta tambaya ba.

"Da na rubuta a'a," ta ce, "da ka iso da safe."

Ya zauna, ya bar kujera ɗaya a tsakaninsu.

Wata mai jinya ta turo keken shayi, ta tsaya a gabansu. Ta san Clifford, ta zuba masa ba tambaya. Sannan ta dubi matar mai baƙar riga.

"Ke fa, uwa? 'Yar'uwar marigayiya ce? Wa za a ce?"

Saki yana raba aure, amma ba ya karɓe suna.

"Misis Sugden," Noreen ta ce. "Ba sukari."