Tsutsar Tumatir a Tamanhint

Yaou ya tsinke ganyen tumatir ya ɗaga shi sama. Tsutsar tana ciki tana cin abinta, alhali shekaranjiya ya yi wa layin feshi har kafaɗarsa ta sage.

"Ku sa ta nan, Baba," in ji Bassira, ta miƙo masa kwalba.

Ɗalibar jami'a ce, 'yar mutanen Maraɗi da aka haifa a nan ƙasar Larabawa, a unguwar Manshiya. Wata uku ke nan tana zagaya gonakin Tamanhint tana kwasar tsutsa domin bincikenta. Shi kuwa shekararsa goma sha ɗaya yana feshi a wannan gona, ba a taɓa zarginsa ba sai makon jiya. Mai gonar ya ce sayar da maganin ƙwarin yake yi, yana cika famfon feshi da ruwa. Ya ba shi zuwa Alhamis ya tattara kayansa.

"'Yata, faɗa mini gaskiya. Maganin ne jabu?"

"Lafiyarsa ƙalau. Na gwada shi kan tsutsar wata gona da ba a taɓa yi wa feshi ba, duk suka mutu. Taku kuwa, cikin goma bakwai suka rayu."

"To me ya same ta?"

Ta tsuguna kusa da shi. "Shekarar farko da kuka fesa, duka suka mutu?"

"Ba a rasa ɗaiɗaiku da suka tsira ba."

"Su ne suka haihu, 'ya'yansu suka gaji taurinsu. Kuka sake fesawa, masu rauni suka tafi, masu tauri suka sake haihuwa. Kuma a shekara ɗaya sai ta haihu kusan sau goma."

Yaou ya daɗe yana kallon kwalbar. Ya tuna yadda mahaifinsa yake ware zangarniyar gero mafi kauri kowace kaka, ya rataye ta domin iri.

"Ashe zaɓen iri nake yi musu," ya ce a hankali.

Da la'asar mai gonar ya iso da motarsa. Bassira ta miƙa masa takardar gwajin, ta yi masa bayani da Larabci. Ya karanta har ƙasa, ya ce Yaou ya ci gaba da aikinsa, bai ko dubi fuskarsa ba. Sannan ya ce daga gobe a ninka maganin.

Bassira ta ce hakan ƙara musu tauri zai yi. Ya ce shi tumatir yake kaiwa kasuwa, ba littafi yake rubutawa ba. Ya ja motarsa ya tafi.

Yaou ya taya ta jera kwalaben cikin akwati.

"In aka ninka, zai kai yaushe yana aiki?"

"Shekara biyu wataƙila. Ko ƙasa da haka."

Ya gyaɗa kai, ya zaro kwalabe shida da babu komai ciki, ya zuba su a aljihun rigarsa.

"Bar mini waɗannan. Kowane wata zan tara miki. Tunda ni zan ci gaba da kiwonsu, gara a samu mai rubutawa."