Maɓalli Na Bakwai

Yaya ta danna fitowa ta biyu ta wasan kwaikwayon, maɓallan miksa, na'urar haɗa sauti, suka zame da kansu, kowanne ya nufi inda aka adana shi jiya. Na ganga ya hau, na mai ba da labari ya mutu, na bakwai kuwa ya sulale ƙasa. Na bakwai makirufon Auta ne, ƙanwarta, wadda ke tsaye a tsakiyar dandamali tana buɗe baki, muryarta ba ta wuce layin gaba ba.

Da sauri Yaya ta sa yatsa ta tura shi sama. Muryar ta cika zauren. Ta waiga, ba wanda ya lura, don ba mai kallon ɗan akurkin mai sauti da ke bayan kujeru sai in lasifika ta yi ƙara.

Ita ta san abin da ya faru, ai aikin hannunta ne. A wannan miksa kowace fitowa ta wasan tana da nata tsarin sauti a adane. In aka canza fitowa, dannawa ɗaya ce, na'ura ta mayar da komai yadda aka bar mata, ba ta mantuwa kuma ba ta yafiya. Jiya wajen gwajin ƙarshe Mama ta zo da filas ɗin ruwan ɗumi saboda maƙogwaron Auta. Ta hau har akurkin ta miƙa wa Yaya.

"Riƙe mata, ke ai a zaune kike."

A zaune! Ita da ta koya wa Auta waƙar nan baiti-baiti a ɗakinsu, ita da darakta ya taɓa jin tana rerawa wajen gwada makirufo ya ce, "Kai, mai sauti, ashe kina da murya," ya juya ya ci gaba da yi wa masu fitila faɗa. Kishi ya turnuƙe ta. Ta ja na bakwai ƙasa, ta umarci na'ura ta adana shi haka a duk fitowar wasan. Ta ce wa kanta da safe za ta gyara. Da safe ta tarar da hoton Auta a ƙofar shiga, ya fi ta tsayi, sai ta wuce ta hau haɗa wayoyi.

Kuma ta san abin da hakan zai iya jawowa. A gabanta darakta ya gaya wa Auta cewa in muryarta ba ta kai kujerar ƙarshe ba yau, zai ba wata matsayin, ita ta koma cikin 'yan amshi.

Haka wasan ya ci gaba. Duk canjin fitowa, na bakwai ya faɗi, Yaya ta tare shi da yatsa ta mayar. Gyara na gaskiya yana buƙatar ta buɗe kowace fitowa ta sake adanawa, wanda ba mai hankalin da zai yi shi ana tsakiyar wasa. Zufa ta jiƙa mata abin sauraron da ke kunnenta.

"Mai sauti, lafiya kuwa?" in ji mai fitila daga gefenta. "Na ga kina ta kokawa da na'ura kamar mai kama kaza."

"Kula da fitilarka."

"To, Allah ya ba da haƙuri."

Sai babbar waƙar ta zo. A nan canjin fitowa yana faɗowa ne a tsakiyar baiti, daidai inda Auta za ta ɗaga murya zuwa ƙololuwa, ƙarar ruwan sama ta shigo, ganguna su yi shiru. Yaya ta hango Mama a layi na uku ta miƙe wuya, hannu a ƙirji. Irin wannan kallon, ita ba ta taɓa samun ko rabinsa ba. Ta danna.

Na bakwai ya sulale. Yatsarta tana kansa, tana jin ɗan motsin injin yana ja. Turawa kaɗan ce ta rage. Ba ta tura ba. Ta ɗage hannun ta ɗora a cinya, kuma maganar gaskiya, daɗi ta ji.

Muryar Auta ta koma siririya, tana ratsa ƙarar ruwan da ƙyar. Yaya ta jira tari da gunaguni da motsin kujeru. Ba ko ɗaya. Mutane suka karkato gaba. Wata mata ta toshe bakin ɗanta da tafin hannu. Zauren ya yi tsit har ana jin numfashin Auta tsakanin kalmomi, kuma da ta sauke baitin ƙarshe sai da aka ɗan jima kafin tafi ya ɓarke. Mama tana share ido da gefen mayafi.

Bayan an watse, darakta ya hau matakalar akurkin yana haki, abin da bai taɓa yi ba.

"Kin ji abin da yarinyar nan ta yi? Inda kowa zai yi ihu, ita sai ta yi raɗa! Wannan ba a koyar da shi, baiwa ce. Mai sauti, duk yadda na'urarki take a wannan fitowar, kulle ta. Kada a taɓa komai."

Ya sauka ba tare da ya jira amsa ba. A matakalar ya yi kiciɓis da Auta, ya ce mata matsayin nata ne. Ta ƙaraso da kwalliyarta a dagule, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Yaya, na ji lokacin da kika rage ni."

Yaya ta ci gaba da naɗe waya, ba ta ɗago ba.

"Tun safe maƙogwarona ke ƙaiƙayi, na san in na kai can sama sai muryata ta tsage. Kuma ta tsage ɗin, wallahi, amma ba wanda ya ji." Ta rungume ta ta baya, ta manna mata hoda a kafaɗa. "Ke kaɗai kika san inda nake karyewa. Ban gaya wa darakta ba, kada ya ce da taimako na ci."

"Je ki sha ruwan ɗuminki," in ji Yaya. "Ga filas ɗin can."

Auta ta ɗauka ta sauka da gudu, tana kiran Mama.

Yaya ta zauna. Ta buɗe fitowar a allon miksa, ta danna kulle, ɗan hoton kwaɗo ya bayyana a gefen lambar. Don ta tabbatar, ta tura na bakwai sama har ƙarshe, ta sake kiran fitowar. Ya sulale ƙasa a hankali, ya tsaya daidai inda ta ajiye shi jiya. Gobe ma haka zai yi, da jibi, zauren yana tafi, ita tana zaune tana kallo.