Mujiyar da aka ɗaure a turmi

Zakiru mai gyaran salula ne a kasuwar Dakoro, amma hankalinsa yana ga finafinan tsoro. Ya kalle su har ya haddace inda ake razana mutum, sai ya ce shi ma zai yi nasa, labarin mayya mai rikiɗa ta koma mujiya.

Yayarsa Azara, mai ɗinki a gida, ta yarda ta fito a mayyar. Wani maharbi, Mamani, ya kamo mujiya a wata kuka ta hanyar Kornaka, ya kawo ta cikin buhu.

Ranar ɗauka, da la'asar, suka toshe ƙofar zaure da tabarma don a sami duhu, suka ɗaure ƙafar tsuntsuwar a turmi. Shirin shi ne mutanen gari su rutsa mayyar da sanduna, ta koma mujiya, Mamani ya fyaɗa wa tsuntsuwar guda a gaban kamara. Zakiru ya ce jinin gaske ya fi ruwan zoɓo kama ido.

Azara ta shigo fuskarta shafe da toka, ta tsuguna gaban turmin.

"Zakiru, taho ka gani."

"Yaya, lokaci na tahiya."

"Taho dai."

Ya tsuguna kusa da ita. Ƙirjin mujiyar na hawa da sauka kamar zugazugin maƙeri, igiya ta kumbura mata ƙafa. Da ya miƙa hannu sai ta maƙale jikin turmi, ta runtse ido.

"Cikin zauren nan wa ke jin tsoro?" in ji Azara. "Ni ka roƙe ni na yarda. Ita wa ya tambaye ta?"

Mamani ya ce, "Tsuntsuwar mugun abu ce, Azara."

"Ni dai ɓeraye na san tana ci."

Zakiru ya sake duban mujiyar. Duk finafinan da ya kalla, bayan masu sanduna yake tsayawa, bai taɓa kallo ta idon wanda ake duka ba. Ya kwance igiyar da hannunsa, suka bar ta ta huta, da magariba suka mai da ita kukarta. Ta ɗan jima a reshe kafin ta tashi.

Fim ɗin kuwa sun gama shi ba mujiya. Zakiru ya ajiye kamara a ƙasa gindin turmi, mai kallo ba ya ganin komai sai ƙafafu da sanduna suna matso shi. Da aka nuna a fada, wurin hirar samari, masu dariya suka yi tsit.

Washegari ya sami Azara a kan keken ɗinki, ya zauna a ƙasa.

"Yaya, Allah shi saka da alheri. Da kin yi shiru da mun kashe ta, kuma da kullum na kunna sai na gani."

"Amin," ta ce. "Riƙe mini bakin zanen nan."