Miji Ga Mai Jan Ciki

"Ba wanda ya fi kyau za ka ɗauko ba, Alhaji," in ji Malam Shawulu. Numfashi ya sarƙe masa, sai da 'yarsa Loretta ta gyara masa matashi sannan ya ci gaba. "Ka sa a zuba musu abinci, ka tsaya ka kalla. Wanda ya tsare lungunsa amma bai bi kowa da cizo ba, shi ne namu."

Na ce to. Ni a wurina kifi na miya ne, kuma na sha faɗa masa haka tun da ya bar koyarwa ya tare a gidan da ke jikin katangata a Nasarawa. Sai ya yi dariya ya ce jahilcina ya fi ƙarfin alli.

A falonsa akwai akwatin gilashi cike da ruwa da ciyayi, ƙananan kifaye iri-iri na ta kai-komo a ciki. Wadda ya fi ji da ita wata 'yar mitsitsiya ce mai jan ciki, dangin karfasa, ba ta wuce ɗan yatsa ba. Mijinta ya mutu da damina, tun daga nan ta shige ƙarƙashin wani fasasshen kasko, ko abinci da ƙyar take leƙowa. Irinsu, in ji shi, in aka yi kuskuren zaɓe, guda ɗaya sai ya hana duk akwatin sakat.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a Kano ce, 'yan cocinsu da dama sun kwashe iyali sun koma gida. Loretta ta zo daga Kaduna da niyyar tafiya da shi, ga kuma ciwon zuciya ya kwantar da shi. Ya ce ba inda za shi sai ya ga mai jan ciki ta fito. Gadonsa ma falo ya sa aka dawo da shi. Loretta ta yi kuka, ta yi fushi, har ta roƙe ni in sa baki tunda yana jin maganata. Na sa, ya ce in ina son ya tafi, in samo wa mai jan cikin miji.

Bayan azahar na ja mota zuwa Kawaji, gidan wani Tanko mai kiwon kifin ado. Nan take ya nuna mini wani ƙosasshe mai sheƙi, ya ce shi kowa ke so. Da aka zuba abinci, sai gogan ya bi 'yan uwansa da sara har bango. Na ce a'a. Na ja kujera na zauna, ni da ko layin asibiti ba na iya jira. Tanko ya gaji ya shiga harkarsa. Na yi la'asar a tabarmarsa, na dawo na ci gaba da zura ido, har na gano wani siriri maras kwalliya a bakin wani dutse. In an matso ya buɗe ƙayoyinsa, in an ja da baya ya ƙyale. Raina ya yi fari ƙal, don na san Malam zai ce na yi karatu. Tanko ya sa mini shi a ledar ruwa, na kamo hanya.

Da na shawo kwanar layinmu, na ga motoci a ƙofar Malam, matata Hafsatu na tsaye a bakin get da mayafi. Ta dubi ledar da ke hannuna ta sunkuyar da kai.

A falo matan zumuntar coci na rera waƙa ƙasa-ƙasa. An rufe Malam da farin zane. Na tsaya tsakiyar mutane da leda tana ɗigar ruwa, kunya da baƙin ciki suka rufe ni.

"Ya tambaye ka, Baba Alhaji," in ji Loretta. "Na ce ka daɗe. Ya ce to kana yi daidai ke nan."

Na matsa wurin akwatin na fara kwance bakin ledar, sai ta riƙe mini hannu. Ta ce ba a sakinsu haka, sai ɗumin ruwan ledar da na akwatin ya zama ɗaya. Ta karɓa ta ɗora ta a kan ruwan a hankali.

Ledar na yawo a sama, mu biyu muna tsaye. Can sai mai jan ciki ta leƙo daga ƙarƙashin kaskon, ta taso sannu-sannu, ta tsaya daidai inda siririn yake.