Taurarin Bayan Gari

Shekarar da aka katse layukan waya a Birnin Gwari saboda 'yan bindiga, ita ce shekarar da nake kammala digirina na biyu. Kai, na ga ta kaina! Aikina auna shekarun taurarin da ke warwatse a bayan garin Andiromeda, wani makeken gungun taurari mai kamar faifai da ke maƙwabtaka da namu. Daga hotunan madubin hangen nesa nake ɗaukar launin kowane tauraro da ƙarfin haskensa, in ɗiga a zane. Inda jerin ɗige-ɗigen ya lanƙwasa, nan shekarun suke.

Na zo gida jinyar Inna, hanyar Kaduna ta ƙi biyuwa. Malamina kuwa ya riga ya ce in sakamakon bai iso shi ranar Alhamis ba, an cire ni daga aikin.

Ranar Alhamis ɗin bayan azahar na saɓi kwamfuta na hau wani dutse a hanyar Kakangi, inda sabis ɗin waya na jihar Neja ke ɗan leƙowa. Na ɗaga waya sama, saƙo ya fara tafiya kamar hawainiya, sai ga 'yan sa-kai. Shugabansu Baba Sadisu, maƙwabcinmu ne, a gabansa aka raɗa min suna.

Ya leƙa kwamfutar, ya ga zanen ɗige-ɗigen, fuskarsa ta sauya. "Saliha! Taswirar gidajenmu ce wannan? Wa kike tura wa a daji?"

"Haba Baba, taurari ne! Waɗannan tsofaffi ne, sun haura shekara biliyan goma. Waɗannan ba su kai ba, daga ƙananan gungu aka haɗiyo su."

"Taurari da rana tsaka? Sauke wayar nan."

Wallahi raina ya ɓaci. Mutanen dajin nan su suka kore mu daga gonarmu, yau ni ce 'yar leƙen asirinsu?

"Ba zan sauke ba, Baba. Ka kira duk gari su gani."

Na ƙara miƙa hannu sama har kafaɗata ta yi tsami. Ya ɗaga gindin bindiga ya sauke a kan kwamfutar, gilashin ya tarwatse. Wayar ta yi ƙara a tafin hannuna.

Na durƙusa na tattara ɓaraguzan a mayafina, hawaye na zuba, ban share ba.

"Sannu da aiki, Baba," na ce. "Saƙon ya riga ya tafi."