Laba Talatin

A gidan hayarmu na bayan jami'a ba a hana ajiye kare ba, amma akwai ƙa'ida: kada nauyinsa ya wuce laba talatin. Kuma ba a yarda da faɗar baki. Mista Lindgren, mai kula da ginin, yana da sikeli a ofishinsa, farkon kowane zangon karatu sai ka kai karenka ya hau.

Ranar da na ɗauko Otis daga gidan rainon karnukan da aka yasar, a aljihun rigar sanyina na sako shi. Matar wurin ta ce ƙaramin iri ne. Delaney, abokiyar ɗakina, tana ganin girman ƙafafunsa ta kwashe da dariya.

"Ke Corinne, ɗan maraƙi aka ba ki!"

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi," na ce mata.

Bakin nata bai sari komai ba. Kafin ƙanƙara ta narke Otis ya kusa cika ma'aunin. Tashi daga gidan kuwa babu hali. A garin nan tun watan Oktoba ake kama ɗakin baɗi, ni ma na riga na sa hannu a takardar haya, gidajen da suka rage ko kyanwa ba sa karɓa. Gida kuma babana na fama da asma. In na mayar da Otis inda na ɗauko shi, na san abin da ake yi wa manyan karnukan da ba mai nema: kashe su ake yi.

Sai na fara rage masa abinci. In na zuba, sai in kwashe tafi guda in mayar cikin buhu. Daga baya ya zama tafi biyu. Yakan cinye ya yi ta lasar kwanon har ya tura shi ƙarƙashin gado, ni kuwa in kau da kai. Wallahi na tsani kaina.

"Haƙarƙarinsa fa ya fito," in ji Delaney. Yanzu ba ta dariya.

"To, ya kike so in yi?"



Ranar awo Otis ya hau sikelin da kansa yana kaɗa wutsiya. Saura kaɗan, amma bai cika ba. Mista Lindgren ya shafa gefen cikinsa, hannunsa ya tsaya, ya ɗago ya dube ni.

"'Yar nan, yana ci kuwa?"

"Yana ci, Yallabai."

"To, ya tsallake. Sai watan Agusta. Amma ki sani, wannan bai gama girma ba."

Muna komawa ɗaki na cika kwanon har yana zuba. Otis ya zauna yana jira kamar yadda na koya masa, yawu na ɗiga a ƙasa. Na daɗe a tsugune ina tunanin Agusta. Na sa hannu na kwashe tafi guda, sai ya lashe mini yatsu.